Yaya Shekari da Rantsuwar Kakau

Yayana Shekari ya girme ni da shekara tara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga wani ƙauye a bayan Zonkwa, amma ya riga ni zuwa Kaduna da daɗewa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ɓangaren lantarki, ya kama ciki da falo a Makera. Da na gama sakandare ni ma falon nan na sauka. Shekara huɗu ina kwana a doguwar kujerarsa kafin in sami ɗakin kaina a layin bayansu. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. A coci ba ya wa'azi, ba ya cikin mawaƙa, in kuwa aka ce ya yi addu'a, kafin ka gama rufe ido ya ce amin. Abin da ya iya shi ne waya. Ya san inda wuta ta bi da inda ta maƙale kamar da ido yake ganinta. Da masaƙa ta rage ma'aikata a zamanin soja, sallamar ta haɗa da shi. Da kuɗin sallamar da aka ba shi ya sayi amfilifaya da manyan lasifika biyu da ƙaramin janareto, ya shiga bayar da haya: aure, jana'iza, taron zumuntar mata, taron ƙabila. Matarsa Jummai tana sayar da kayan miya a kasuwar Kakuri. 'Ya'yansu uku, babbar ita ce Esther.

Tun a lokacin maƙwabta suke kuka da shi. Layin gaba ɗaya ba mai ilimin wutarsa, amma in 'yan wuta suka yanke wa mutum waya, ya zo ya ce Shekari ya hau ya mayar masa a ɓoye, amsarsa ɗaya ce: "Ba na yi." Ba wa'azi, ba bayani. Sai mutum ya je ya nemo wani da bai kai shi iyawa ba, a ƙona masa rediyo, ya dawo wa Shekari da rediyon ya gyara. Ya kuwa gyara.

A ƙarshen 1998 soja suka ce za su miƙa mulki, gari ya cika da fosta. Mu da muka daɗe ba mu ga zaɓen da ya kai ƙarshe ba, sai muka ɗauka ƙofar arziki ce aka buɗe. A cocinmu akwai wani Bulus, mai sayar da siminti da kwanon rufi, mutum mai fara'a da kyauta. Ya fito takarar kansila a mazaɓarmu. Tun kafin a kaɗa ƙuri'a muka fara ce masa Honorabul. Ni a lokacin ba ni da tsayayyen aiki, na iya tuƙi dai, sai na zama direban bas ɗin kamfen. Shekari kuma aka ɗauki kayansa haya. Lasifikarsa ce a kan bas, daga Makera har layukan ma'aikatan Kudenda, shi yana zaune a baya rungume da amfilifaya kada rami ya jijjiga masa ita.

Honorabul ya yi mana alkawari a gaban mutane. Ni zai sa a ɗauke ni direba a ƙaramar hukuma. Shekari kuma aikin wutar makarantun firamare da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar duk nasa ne. Jummai har ta fara maganar komawa gida mai famfo a tsakar gida.

Saura kwana takwas zaɓe, ranar Asabar da azahar, bayan mun tashi daga wani taro, Honorabul ya ce in ɗauki hanyar Abuja. Mu goma sha ɗaya ne a motar, duk na jikinsa. Da muka wuce Kakau kaɗan ya ce in sauka daga kwalta. Muka bi wata hanyar gona har muka tsaya a gindin mangwaro, gaban wata bukka.

Nan ya yi mana bayani. Ya ce siyasa ba wasa ba ce, abokan hamayya suna sayen mutane, kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa a cikinmu akwai mai kai musu rahoto. Don hankalin kowa ya kwanta, za mu yi 'yar rantsuwa cewa ba mai cin amanar wani. Ya ce duk masu takara haka suke yi, al'ada ce kawai.

Mai bukkar wani tsoho ne siriri, ba ɗan yankinmu ba, da Hausa ya yi mana magana. A gabansa akwai tukunya da ƙwarya da baƙin zakara a ɗaure. Ya ce za mu shiga ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuɓe takalmi, ya cire duk wani abin coci da ke jikinsa. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Wanda kuke kira ranar Lahadi, ku bar shi a bakin ƙofa. A ciki ba a ambatonsa. In an tambaye ka wa ka dogara gare shi, ka nuna tukunya. In kun fito sai ku ɗauki abinku."

Mutane suka fara kwance igiyar takalmi. Akwai mai jagorar mawaƙa a cikinmu, akwai ma'ajin matasa. Ni ma na sunkuya. Sai na ji muryar Shekari a bayana.

"Baba, ba takalmi ba ne."

Tsohon ya dube shi. "Me ka ce?"

"Wanda ka ce a bari a ƙofa. Ba takalmi ba ne da zan tuɓe in sake sawa. Ni ba zan shiga ba."

Honorabul ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Injiniya, minti biyu ne fa. Baki ne kawai zai faɗa, Allah yana ganin zuciya. Gobe tare za mu yi sujada."

"Da bakin nan na amsa ranar da aka yi mini baftisma," in ji Shekari. "Ba ni da wani bakin. In amana kake so, ga ni na faɗa maka, ba zan ci amanarka ba. In maganata ba ta ishe ka ba, ruwan tukunya ba zai ƙara mata komai ba."

Na ja shi gefe, bayan mota. Na ce, "Yaya, don Allah kada ka ɓata mana. Shekara nawa kana tura janareto a baro? Ka tuna da Jummai da yara. Ka shiga, ka motsa baki, ka fito. Waye zai sani?"

Ya ce, "Albert, sa takalminka mu tafi."

Ban sa ba. Abin da ya fi ba ni haushi a ranar shi ne bai sake cewa komai ba. Da ya zage ni, da ya ja ni da ƙarfi kamar yadda yake yi ina yaro, wataƙila da na bi shi. Sau ɗaya ya faɗa, ya juya, ya hau saman bas ya fara kwance lasifikarsa.

Honorabul ya fusata, ya ce ai ga munafukin nan ya bayyana kansa. Tsohon ne ma ya ce a ƙyale shi, wanda bai yarda ba ko ya sha ba ta kama shi. Mu goma muka shiga. Ba zan faɗi abin da ke cikin ƙwaryar ba. Na sha, an tambaye ni, na nuna tukunya. Da na fito Shekari ba ya nan. Daga baya na ji cewa sawu uku ya yi yana kwasar kayansa a ka zuwa bakin kwalta, har wani mai motar masara ya tausaya masa ya kawo shi gari.

Washegari da na shiga gidansu bayan sujada, tun daga zaure nake jin muryar Jummai.

"Baban Esther, kai kaɗai ne Kirista a Kaduna? Mai jagorar mawaƙa ya shiga, ƙanenka ya shiga, kai ne kawai Allah ya ba amanar sama? Sau nawa abinci zai zo bakinmu ka ture?"

Shi yana zaune a ƙasa da ƙarfen liƙi a hannu, yana gyaran wata fanka. Ya ce, "Maman Esther, da kina wurin, ke ma ba za ki shiga ba."

Ta san gaskiya ne. Sai ta ce, "To ai shi ya sa ban je ba. Kai me ya kai ka?" Ta ɗauki bokiti ta fita. Mako biyu ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara.

Honorabul ya ci zaɓe. Ya cika mini alkawari, na zama direba, har da kakin aiki. Aikin wutar makarantu aka ba wani ɗan jam'iyya da bai san bambancin jar waya da baƙa ba. Aka kuma baza magana cewa Shekari ɗan leƙen asirin 'yan hamayya ne. 'Yan hamayyar suka ji, suka zo da murnarsu suna so ya hau dandamali ya tona abin da aka yi a Kakau. Ya ce musu, "Ba na yi." Su ma suka tafi da fushi. Cikin wata ɗaya ya yi asarar ɓangare biyu, a lokacin da duk mai lasifika a Kaduna yake cin kasuwar 'yan siyasa.

Bayan rantsar da su Honorabul ya shirya sujadar godiya a cocinmu. Wa ke kula da na'urar coci? Shekari, kyauta, tun shekaru. Ina zaune ina kallo Honorabul ya hau gaba da babbar riga, iyalinsa a bayansa, ya karɓi makirfo ya fara ba da shaida cewa shi bai dogara ga kowa ba sai Ubangiji, bai je ko'ina ba, gwiwarsa ce kawai ta yi aiki. Yana tsakar haka na'urar ta fara ƙara, muryarsa ta yanke. Na ce a raina yau Yaya zai rama. Sai ga shi ya taso daga kusurwarsa, ya durƙusa a gaban mutumin, ya matse wata waya, ya buga makirfon da yatsa sau biyu, ya miƙa masa. Murya ta fito tas har waje.

A hanya na ce masa, "Yaya, kana ji yana sharara ƙarya a gaban bagaden coci, kai ne ma mai ƙara masa murya?"

Ya ce, "Na'urar ta coci ce. Ƙaryar tasa ce."

Zance ba ya ɓuya a Makera. Dattawan ikilisiya suka ji ƙamshin maganar, suka kira Shekari, suka tambaye shi su wa suka shiga bukka. Ya ce shi bai shiga ba, abin da zai iya shaida ke nan. Suka ce to ƙanenka fa? Ya ce, "Albert yana da baki, ku tambaye shi." Da suka tambaye ni na ce ni direba ne, a mota na zauna. Aka bar maganar. Amma na kwana biyu ina tafasa. Da ya ce ban shiga ba, da ya rufa mini asiri. Da ya ce na shiga, da an yi ta ta ƙare. Shi bai yi wannan ba, bai yi wancan ba, ya bar ni da ƙaryata a hannu in yi ta riƙo.

Daga lokacin na daina cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi a coci. Ba wanda ya hana ni. In an zo miƙa gurasa sai in ji ɗanɗanon abin ƙwaryar nan a harshena, sai in tashi kamar fitsari ya kama ni. Daga baya na ma daina zuwa a irin waɗannan Lahadin. Shekari ya lura. Duk Lahadin jibi sai ya biyo ta ƙofata da sassafe, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Albert, na wuce." In ce masa ciwon kai nake. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya tafi. Wata mai zuwa ya sake dawowa. Fiye da shekara uku yana wannan. Akwai ranar da na buɗe ƙofa na ce, "Yaya, in kana da magana ka faɗe ta mana." Ya ce, "Ba ni da magana. Wucewa nake."

A cikin shekarun nan aka yi rikicin 2000, muka kwana huɗu a bariki da iyalanmu. A can na ji mutane suna bugun ƙirji, kowa yana cewa ko da wuƙa a wuya ba zai yi musun bangaskiyarsa ba. Mai jagorar mawaƙa ya fi kowa ɗaga murya. Na dubi Shekari in ga ko zai yi murmushi. Yana can yana haɗa wa mata ƙwan fitila a rumfar da suke kwana.

A 2002 Honorabul ya ɗaga ido sama, yana son majalisar jiha. Ya aiko cewa ranar Asabar za a koma Kakau a sabunta alkawari, wannan karon har da akuya. Ba na son komawa, ba na kuma son rasa aikina, ga mata ga jariri. Na je wurin Shekari neman shawara. Ya ce, "Ka san amsar tun kafin ka taso daga gida." Na ce ba wannan na zo ji ba.

Sai na yi dabarar matsorata. Ranar Asabar da safe na gudu gidansa, na shige ɗakin yara na kwanta, na ce wa matata duk wanda ya zo ta ce zazzaɓi ya kayar da ni an kai ni asibiti. Na roƙi Shekari da Jummai su ma su faɗi haka. Jummai ta ce to. Shekari bai ce komai ba, ni kuma da wautata na ɗauki shirunsa amincewa.

Wajen ƙarfe goma na ji tsayuwar mota. Honorabul da kansa, don ba mai tuƙa bas. Shekari yana ƙofar gida yana wanke fulogin janareto. Ta taga nake jin su.

"Injiniya, kwana biyu. An ce Albert ba lafiya, wane asibiti aka kai shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yana ciki."

Na ji Jummai ta saki murfin tukunya a tsakar gida. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai Shekari ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Albert, ana sallama da kai."

Ba yadda zan yi. Na fito ba takalmi, da zanen gado a kafaɗa. Honorabul ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, mai zazzaɓi, ɗauko makulli mu tafi."

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Wataƙila kunya ce ta kai ni bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan je ba. Wancan ma da na yi, na yi nadama. Ni Kirista ne, ba zan sake nuna tukunya ba."

Ya ce, "Ka san abin da ka sha. Ka san abin da ke bin mai warwarewa."

Na ce na sani. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin. Da motar ta tafi na juya kan Shekari. Ban taɓa yi masa magana irin ta ranar ba. Na ce ya tozarta ni, ya raba ni da abincina, shi ba ya iya rufa wa kowa asiri sai maƙiyansa. Jummai ta taya ni, ta ce mutumin nan ko ɓarawo ya tambaye shi inda take ajiye jarinta zai nuna masa. Ya bari muka gama. Ya ce, "Ban ce zan yi maka ƙarya ba. Kuma ai ba ni na ƙi zuwa ba, kai ka ƙi." Ya ci gaba da wanke fuloginsa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, in ji Hausawa. Wata guda ban taka gidansa ba.

Kafin wata ya ƙare aka sallame ni daga aiki, aka ce an rage direbobi. Na yi ta jiran abin da aka ce zai bi mai warware rantsuwa. Ko tari na yi sai in ce ga shi nan. Ba abin da ya zo sai talauci, shi kuma dama mun saba. Da kaina na je wurin dattawa na faɗi gaskiya, ban ambaci sunan kowa ba sai nawa. Suka sa ni ƙarƙashin horo wata shida, ina zama a bencin baya. Shekari ya bar kusurwarsa ta gaba, ya ja wayar na'ura har baya, ya riƙa sarrafa ta daga kusa da ni. Ya ce wai daga nan ya fi jin sauti. Ranar da aka karɓe ni na ci jibi, bai ce mini sannu ba. Da aka tashi cewa ya yi in taya shi naɗe waya.

Tun daga nan tare muke aiki. Na sami wata tsohuwar akori-kura ina ɗaukar masa kaya, mun huta da baro. Honorabul bai sami tikitin majalisa ba, ya koma kan simintinsa, har yanzu muna gaisawa a coci. Gida mai famfo dai Jummai ba ta shige shi ba sai da Esther ta gama karatun jinya ta fara aiki.

Yanzu Shekari ya haura saba'in. Shekarun da ya yi a gindin lasifika sun cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an yi kusa. Bai canja ba. A zaɓen da ya wuce wasu matasa suka zo hayar kaya, suka ce in an tambaya mu ce taron addu'a ne, don mai filin ba ya son siyasa. Na riga na amsa musu, har na fara loda kaya. Ya fito yana tambayata me suka ce. Na matsa kusa da kunnen mai ji na yi masa bayani a hankali, ina fatan rabin maganar ta ɓace a hanya. Ya ji duka. Da hannuna na sauke kayan, shi yana tsaye yana nuna mini inda zan ajiye kowanne.